Buɗe Famfo: Tarihin Neman Ƙarin Doki a Manyan Motocinmu

'Yan uwa 'yan kasuwa, duk buhun da ya ƙetare iyaka da sunan ɗayanmu, inji ne ya ja shi. A wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya, mun ga ya dace mu waiwayi wani ɓangare na tarihin fatauci da ba a cika rubutawa ba, wato yadda aka yi ta neman ƙarin ƙarfi daga tsofaffin injinan gas. Direbobi da makanikai suna kiran abin "buɗe famfo". Har gobe da yawa daga cikin motocin da ke ɗaukar mana albasa da wake da dabbobi da siminti, irin wannan inji ne a cikinsu. Saboda haka maganar ta shafi jarinmu, ta kuma shafi ran yaran da muke turawa rakiyar kaya.

Daga bakin dogo zuwa taya

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Daga nan ya tsaya, bai ƙetaro iyaka ba. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram sai an kai ta bakin dogo, da fari a kan raƙuma da jakuna, daga baya a cikin mota. A 1953 Faransawa suka buɗe shirin da suka kira Hirondelle, don a riƙa bi da gyaɗa ta Dahomey, wato Benin ta yanzu. Can ma dogon da ya taso daga Kwatano a Paraku ya tsaya, sauran tafiyar zuwa Gaya da Doso da Maraɗi duk a kan taya take. An aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi a 2021, amma tarihin da muke bayarwa a nan na zamanin da babu wani zaɓi ne sai mota. Ƙasar da ba ta da teku, kuma dogo bai ratsa ta ba, dukan nauyinta a wuyan injin babbar mota yake.

Abin da ke cikin famfo

Bajamushen nan Rudolf Diesel ya tayar da injinsa a 1897. Amma injin bai bazu a cikin motoci ba sai da kamfanin Bosch ya soma ƙera famfon gas da yawa a 1927. Injin gas ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sannan famfo ya tura gas ta bakin nozul, ya fita kamar raɓa, ya kama wuta da kansa. Kowace silinda tana da ɗan famfonta a jere cikin gida ɗaya, kuma wata sanda mai haƙora ita ke juya su gaba ɗaya, ta ƙara mai ko ta rage. Idan direba ya taka totur, wannan sandar yake roƙo.

Abu biyu ne ke tsare sandar. Na farko noti ne da ke hana ta wuce iyakar man da kamfani ya auna. Na biyu shi ne abin da makanikan Kano ke kira gwamna, wasu ƙarafa masu nauyi da ke juyawa tare da famfo, idan gudun inji ya yi yawa su buɗe su janye sandar baya. Kamfani yakan ɗaure waɗannan wurare da waya, ya danna hatimin darma a kai. Tsinke wannan waya da murɗa notin shi ne buɗe famfo.

Shi kuwa doki da ake ƙirga ƙarfin inji da shi, ma'auni ne: ƙarfin da zai ɗaga kilo 75 sama tsawon mita 1 cikin daƙiƙa 1.

Zamanin gajeren hanci

A wajenmu motocin Faransa ne suka fara cin kasuwa, musamman Berliet, wadda ta yi suna tun da motocinta suka ratsa Tenere a 1959 zuwa 1960. A Najeriya kuwa Bedford da Austin na Ingila aka sani. Sai ga Mercedes-Benz mai gajeren hanci, wadda aka soma ƙerawa a 1959, aka kuma ci gaba da yin ta don ƙasashen waje har tsakiyar shekarun 1990. Ita ce Marsandin da ta haɗa tashoshin ɓangarorin biyu, domin kayan gyaranta ɗaya ne ko a Kano ko a Maraɗi ko a Garwa. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980 Najeriya ta buɗe wuraren harhaɗa manyan motoci: Mercedes a Inugu, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan.

Lambar da ke jikin ƙofar Marsandi ba ado ba ce. 911 na nufin tan 9, doki wajen 110. 1113 na nufin tan 11, doki 130. 1924 na nufin tan 19, doki 240. Kuma tan ɗin nan nauyin mota ne da kayanta a haɗe. Injin da ya fi yawa a cikin ƙananan shi ne OM 352, wanda ya fito a 1964, mai silinda 6, lita 5.7.

Mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Doki 110 a kan tan 9, kowane tan ya samu doki 12. Idan aka ƙara wa motar sifirin, aka ɗaga bodi, aka loda ta har ta kai tan 18, kowane tan doki 6 ya rage masa. A miƙaƙƙiyar hanya za ta lallaɓa. A hawa ko a yashi sai ta durƙusa. Nan ne buɗe famfo ya samo asali.

Abin da ya tura mutane ga notin

Ba ƙuruciyar direba ce ta kawo wannan al'ada ba, lissafin haya ne. Ana biyan mota bisa yawan buhu ko tan, alhali kuɗin duwan da na shingayen hanya da kwanakin jira a iyaka ba sa raguwa don an ɗauki kaya kaɗan. Mai kaya yana son sauƙin haya, mai mota yana son sawu ɗaya ya biya na biyu. Kowace girgiza da ta sami kasuwa ta ƙara ɗaure wannan lissafi.

Farin 1973 zuwa 1974 ya kassara gyaɗa, ya kuma sa aka riƙa jigilar hatsi mai yawa daga bakin teku zuwa ƙauyukan da babu kwalta. Kuɗin yuraniyom na Arlit da na man fetur a Najeriya suka kawo siminti da ƙarfe da shinkafa fiye da abin da motocin da ake da su za su iya. Da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Afrilun 1984 zuwa Maris 1986, kaya da dama suka koma bin hanyoyin daji, inda yashi ke cin ƙarfin inji fiye da kowane hawa. Sai kuma Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi. Duk abin da ake sayowa daga Turai kuɗinsa ya ninka, sabuwar mota ta fi ƙarfin ƙaramin mai sufuri. Aka koma ga motocin gwanjo na Kwatano da Lome, waɗanda suka riga suka gama aikinsu a Turai, aka kuma nemi su yi abin da ba su yi ba suna sababbi.

Hanyoyi huɗu da sakamakonsu

Hanya ta farko, mafi araha, ita ce murɗa notin mai. Motar takan ji ƙarfi nan take, direba ya yi murna. Amma gas ba ya ci sai da iska. Kilo 1 na gas yana buƙatar iska aƙalla kilo 14 da rabi, a aikace ma fiye da haka sosai. Injin da ba shi da tobo iskar da yake shaƙa ƙayyadaddiya ce. Idan mai ya wuce abin da iskar za ta ƙona, sauran sai ya fita baƙin hayaƙi. Wanda ya ga mota na turnuƙe hanya a hawa, kuɗin gas yake gani suna tashi sama. Wani kaso na toka kuma yana gangarawa ya gurɓata baƙin mai, ya ci zoben fistin. Zafi ya hau, ga shi fistin da alminiyom aka yi shi, wanda ke narkewa a digiri 660.

Yanayinmu ma ba ya taimakawa. Iskar da ta kai digiri 45, irin ta watan Afrilu, ta fi ta digiri 20 sauƙi da kusan kashi 8 cikin ɗari, ma'ana inji yana samun ƙarancin abin ƙonawa a daidai lokacin da lagireto ke shan wahala. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska. Motar da ake cewa ta mutu, sau da yawa numfashi ne ya yi mata wuya, ba mai ne ya gaza ba.

Hanya ta biyu ita ce ɗaure sifirin na gwamna don inji ya yi gudu fiye da ƙa'ida. Wannan ta fi haɗari. Idan gwamna ya kasa janye sanda, inji yana iya ƙwacewa, ya yi ta hauhawa ko an ɗage ƙafa daga totur, kuma ba abin da ke tsayar da shi sai an yanke masa mai ko an toshe masa iska. In aka makara, sandar fistin ta fasa bulo ta fito.

Hanya ta uku ita ce gaggauta lokacin da famfo ke tura mai. Kaɗan daga ciki yana gyara injin da lokacinsa ya goce. In ya yi yawa sai a ji inji na ƙwanƙwasa, gasket ya ƙone, metal ya tafi.

Hanya ta huɗu ita ce wadda kamfanonin da kansu suka bi: a ƙara iska tukuna, sannan a ƙara mai. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar fasahar tobo a 1905, ta kuma soma shiga manyan motocin Turai sosai a shekarun 1950. Tobo yana amfani da hayaƙin da ke fita ya juya farfela, ita kuma ta cusa iska cikin inji. OM 352 mai doki 130, da aka yi masa tobo ya kai wajen 168, ƙarin kusan kashi 30 cikin ɗari daga lita 5.7 ɗin nan dai. Sai dai kamfani bai tsaya ga ɗaura tobo kawai ba, ya canza fistin da nozul da awon famfo su dace da shi. Daga baya aka ƙara lagireton iska, mai sanyaya ta kafin ta shiga. Makaniken da ya ɗaura tobon gwanjo a kan injin da ba a shirya masa ba, ya bar sauran yadda suke, rabin aiki ya yi. Garin neman gira ake rasa ido.

Akwai kuma abin da ba a cika ambata ba. Ƙarin doki ba ya ƙara birki, ba ya ƙara ƙarfin kuloci ko giya ko taya. Motar da aka buɗe wa famfo ta haye Hawan Kibo a hanyar Jos, ko hawan Alejo na ƙasar Togo, da birkinta na asali za ta sauko, da lodin da ya ninka.

Zuwan kwamfuta

Turai ta kafa dokar rage hayaƙin manyan motoci daga 1992, ta riƙa tsaurara ta mataki-mataki. A 1996 Mercedes ta fito da Actros, wadda kwamfuta ke auna mata mai. Babu waya da darma da za a tsinke, sai an jona na'ura. Waɗannan injina sun fi ƙarfi, sun fi tsimin mai, amma ba sa jure gurɓataccen gas, kuma ba a gyara su a gindin bishiya. Shi ya sa tsohon famfo bai mutu ba. Hasali ma ya dawo ta gabas. Motocin Howo na Sin da suka cika hanyoyinmu, da yawansu injin WD615 ke ciki, wanda asalinsa na Steyr ne, Sin ta karɓi lasisinsa a shekarun 1980, kuma irin da ake kawo mana galibi famfon jere ne mai noti da gwamna. Doki 371 ke rubuce a jikin da dama daga cikinsu, amma su ma ana ƙara musu aksul da sifirin, su ma ana kai su wurin mai famfo. Ƙarfin ya ninka na 1113 kusan sau uku, lodin ya bi shi.

A Disambar 2005 ƙasashen UEMOA suka zartar da doka mai lamba 14 kan nauyin manyan motoci, wadda ta ƙayyade tan 51 ga tirela mai aksul 6. An sha ɗage aiwatar da ita, amma sikelin hanya yana nan, tarar ma tana nan, kuma a kan kuɗin kaya take komawa.

Abin da ya rage gare mu

Tarihin nan abu ɗaya yake nunawa. Dokin da aka samu ta hanyar ƙara iska da mai tare, bisa awo, doki ne na gaskiya. Wanda aka samu da murɗa noti kawai bashi ne, ranar biyansa kuma takan zo a tsakiyar daji. Mai siminti zai iya jira. Mai albasa ko tumatir ko shanu, kwana uku a gefen hanya ana neman fistin sun isa su cinye ribar shekara.

Don haka idan za mu ɗauki shatar mota, akwai tambayoyin da suka wuce farashi. Tan nawa aka ƙera ta ta ɗauka? Yaushe aka kai famfonta kan teburin gwaji, inda ake auna abin da kowace silinda ke zubawa cikin kwalba? An gwada nozul? An wanke matatar iska? Mu sa a tayar da ita a taka totur mu duba salansa. Ɗan hayaƙi a farkon taku ba laifi ba ne, wanda ya ƙi washewa shi ne abin gudu. Sau da yawa gyaran nozul da matata da daidaita lokaci yana maido wa inji dawakinsa na asali ba tare da an taɓa hatimi ba.

Dattawan da suka iya auna famfo da gaske suna tsufa, yara kuma sun fi karkata ga na'urar kwamfuta. Muddin waɗannan motoci na ɗaukar kayanmu, muna da buƙatar a ce akwai masu koyon aikin a hannunsu. Wannan magana ce da ta cancanci shiga ajandar zamanmu na gaba da ƙungiyoyin direbobi na ɓangarorin biyu.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa a sauke lafiya.