Tarko da Tatsuniya: Dabbar Daji a Labarun Yara na Ƙasar Damagaram

Tun daga 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a birnin Damagaram, masu tsara littattafai suke fama da tambaya guda, watau idan yaro ya iya haɗa baƙi da wasali, me za a miƙa masa ya karanta? Tambayar ta ƙara nauyi bayan da aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar cikin 2025. Daga cikin abubuwan da ake yawan ba da shawara a rubuta akwai ƙagaggun labarai na ceton dabbobi, irin waɗanda yaro yake tarad da dabba a tarko ya kwance ta, ko yara su haɗa kai su roƙi manya cikin lalama a daina kisan namun daji. A wannan ƴar maƙala za mu duba inda irin wannan labari ya samo asali, da yadda dabba ta zauna a bakin masu tatsuniya na Damagaram, da kuma abin da ya faru da dajin kansa, domin mai rubutu ya san a kan wace ƙasa zai aza tubalinsa.

Abin sha'awa ne a tuna cewa tatsuniyoyin Hausa na farko-farko da suka shiga ɗab'i daga bakin wani yaron ƙasar nan suka fito. Dorugu, wanda aka haifa a Dambanas kusa da Kance, yana ɗan shekara goma sha wani abu aka kama shi bauta, aka bi da shi ta Damagaram zuwa Kukawa. Can Bajamushen nan Overweg ya ƴanta shi, bayan mutuwarsa kuma a 1852 ya bi Barth har Tumbutu, daga nan zuwa Ingila a 1855. A Ingila ne J. F. Schön ya rubuta tarihin rayuwarsa da tatsuniyoyin da ya riƙe, aka buga su a cikin Magana Hausa a 1885. Daga baya Landeroin da Tilho, waɗanda suka yi aikin shata iyaka tsakanin Kwara da Tabkin Cadi, suka fitar da nahawu da tatsuniyoyin Hausa a Faris cikin 1909, sa'an nan Frank Edgar ya tara nasa manyan kundaye uku a Nijeriya ta Arewa tsakanin 1911 da 1913.

Duk wanda ya karanta waɗannan tarin zai ga dabbobi sun cika su maƙil, amma zai lura da cewa ba don kansu suka shigo ba. Zaki sarki ne, kura ita ce mai kwaɗayi da tsoro, dila malamin daji, Gizo kuwa talaka ne mai neman ci da wayo. Rigar dabba aka sanya wa mutanen gari domin a faɗi abin da ba ya faɗuwa a fada. Ko inda aka yi ceto ma, darasin na mutane ne. Mai karatu ya san labarin kurar da ta faɗa rijiya, biri ya zura mata wutsiya ta fito, tana fitowa ta ce sai ta cinye shi. Da aka kai ƙara gaban dila sai ya ce ba zai iya shari'a ba sai an nuna masa yadda abin ya faru, kura ta koma rijiya, aka bar ta can. Akwai kuma na mutumin da ya fid da dabbobi da ɗan Adam daga rami, dabbobin suka saka masa da alheri, ɗan Adam ya ci amanarsa. A nan an yi tausayi, an yi ceto, to amma abin da ake koya wa yaro shi ne ya san wanda zai yi wa alheri. Babu inda mai tatsuniya take jin tsoron kada kura ta ƙare a duniya. Ina za ta ji wannan tsoro, alhali kuwa kukanta take ji a bayan gari? James Richardson, da ya sauka Damagaram a Janairun 1851, ya rubuta yadda kuraye da ungulaye suke cin gawawwaki a wurin da ake kashe masu laifi. A zamanin da ake kama yaro kamar Dorugu a kai shi kasuwa, daji ne yake da ƙarfi, mutum ne abin tausayi.

Wannan ba ya nufin babu ƙa'ida tsakanin mutum da dabba. Addini ya zo da hadisan da kowane almajiri ya sani, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ba ci ba sha, da na wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare. Al'ada kuma ta ware wasu halittu da ba a taɓawa, babbarsu shamuwa, wadda take zuwa gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a itatuwan tsakiyar gari. Yaron da yake harbin kurciya da danƙo ba ya ɗaga hannu a kanta. Maharba su ma suna da shugabanni, Sarkin Baka da Sarkin Dawa, da lokacin shiga daji da lokacin barinsa. Sai dai Bahaushe ya ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Tausayinsa na hana zalunci ne, bai kai ga hana cin nama ba.

Labarin ceton dabba irin na littafi kuwa a wata ƙasa aka haife shi, kuma ƙungiyoyi ne suka raine shi. An kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a Ingila a 1824, Faransa ta yi dokar Grammont a 1850. A 1875 Catherine Smithies ta fara tara yara ƙungiya-ƙungiya suna ɗaukar alkawarin kyautata wa dabbobi, bayan shekara biyu kuma, a 1877, Anna Sewell ta fitar da Black Beauty, inda doki yake ba da tarihinsa da bakinsa. George Angell ya buga shi a Amurka a 1890, ya riƙa rarraba shi musamman ga masu tuƙa keken doki. Makaminsu ke nan: labari, da alkawari, da takardar koke, ba sanda ba. Daga wannan reshe ne labarun yara na baya suka tsiro, har da Babar na Faransawa na 1931, wanda ya buɗe da maharbi yana kashe uwar ɗan giwa.

A nan ne tarihin Turai da na Damagaram suka haɗu ta hanyar da ba a cika kula da ita ba, watau ta gashin jimina. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya gina ganuwa ya kuma sa aka ƙera igwa, Damagaram ta zama babban zango a kan hanyar Kano zuwa Tarabulus ta Abzin. Ayarin Kel Owi ne suke ɗaukar kaya, fatake na Gadames da na gida, irin su Malam Yaro a ƙarshen ƙarnin, suke zuba jari. Da cinikin bayi ya fara ja da baya, sai hauren giwa da kirgi da gashin jimina suka cike gurbi, musamman daga wajen 1870, lokacin da matan London da Faris suka ɗauki yayin ƙawata huluna da shi. Damargu ce ta fi ba da wannan kaya. Ana farautar jiminu a daji, ana kuma kama ƴaƴansu a yi kiwo a gida ana figa. A 1889 wasu matan Ingila suka kafa ƙungiyar kare tsuntsaye, suka yi alkawarin daina ado da gashin tsuntsun da aka kashe don gashinsa, amma suka keɓe jimina daga alkawarin, a kan cewa a Afirka ta Kudu kiwonta ake yi ana yanke gashin ba tare da kisa ba. Jiminar Damargu da ake bi da doki har ta gaji ba ta shiga lissafinsu ba. Gashinta kuwa ya yi suna har gwamnatin Afirka ta Kudu ta aiko da ayari a 1911 ƙarƙashin Russel Thornton, suka yi sansani a ƙasar Kano suna neman irin jiminar da ke arewa da ita, suka koma a 1912 da tsuntsaye fiye da ɗari. Wahalar banza suka yi, gama kasuwar ta faɗi warwas a 1914. Kafin nan ma Faransawa sun ci Damagaram a 1899, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanyar Sahara ta mutu.

Faɗuwar kasuwa ta ba jimina sarari na ɗan lokaci kawai. Abin da ya biyo baya kowa ya san shi, ba sai an tsawaita ba: bindiga, da mota mai shiga rairayi, da farin 1973 da na 1984, da faɗaɗar gonaki da rijiyoyin makiyaya, da manyan baƙi daga ƙasashen Larabawa masu farautar tuje da barewa da shaho. Tawayen shekarun 1990 ya share jiminun Abzin. Mariri ya ɓace daga dajin Afirka baki ɗaya, aka bayyana haka a 2000, sai a 2016 aka fara maido da shi Cadi daga gidajen kiwo. Dokar farauta da kare namun daji ta 29 ga Afrilu 1998 ta zo ne bayan ɓarna ta yi nisa.

Ya kamata a dakata a kwatanta wannan da kayan aikin maharbin gargajiya. Yana sa kan burtu a goshinsa, ya lulluɓa, ya yi ta rarrafe yana kwaikwayon tsuntsun har ya kusanci barewa da kibiya. Ko ya haƙa ɗan rami ya ɗora zobe mai tsinke, ya shimfiɗa zarge da aka ɗaura wa gungume, ya jira kwana da kwanaki. Azza na cikin Tubawa suna kafa raga su koro nama da karnuka. Ƙarni bayan ƙarni ana wannan, daji bai ƙare ba. Mota da bindiga suka gama da shi a cikin rayuwar mutum guda.

Ragowar abin da ya tsira yana cikin jihar Damagaram ko a bakin iyakarta. A Maris 2012 aka kafa gandun Tarmit da Tin Tuma, mai faɗin murabba'in kilomita wajen 97,000, domin kare adaks, farar dabbar rairayi mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda take iya daɗewa ba ta sha ruwa ba. A 2010 an ƙiyasta saura wajen 200. Ƙidayar Maris 2016 uku kacal ta gani, ƙungiyar IUCN kuma ta ɗora laifin a kan hayaniyar aikin man fetur na Agadem da farautar sojojin da ke gadinsa. Da gwamnati ta zabge kusan rabin gandun a 2019, matasan Nijar masu kare muhalli da takwarorinsu na waje suka tara sa hannu suka kai koke, ba jifa ba ƙone-ƙone, a 2021 aka sake shata iyakar. A Kelle kuma, cikin Kutus ta ƙasar Gure, mutanen wurin da ƙungiyar kare namun Sahara suka kafa wurin kiwon jimina mai jan wuya da niyyar mayar da ita daji. Ga ceto, ga tarko, ga fafutukar lumana, duka a ƙofar gida.

Saboda haka muna ganin kuskure ne babba a ɗauko littafin Turai a juya shi Hausa, a canza sunan yaro kawai. A irin wannan littafi maharbi shi ne mugu. A ajin ƙauyen Damargu ko Kutus kuwa, ɗan maharbin yana zaune a layin gaba, kuma zomon da ubansa ya kamo jiya shi ne naman da gidan ya gani a wannan wata. Littafin da ya kunyata shi gaban tsaransa ya rasa mai karatu, ya kuma yi wa tarihi ƙarya, tun da ba tarkon ubansa ne ya ƙarar da mariri ba. Wanda ya fi kowa sanin sawu da makwanci da lokacin haihuwar dabba shi ne maharbi, kuma da shi ya dace a yi jarumin labari, ko kakan jarumin. Boubou Hama da Andrée Clair sun nuna tun farkon shekarun 1970 cewa ana iya gina littafin yara a kan gadon gida, sai dai da Faransanci suka yi. Abubakar Imam ya riga su da aku mai ba da labari a Magana Jari Ce, amma akun nasa waziri ne cikin rigar tsuntsu, irin na tatsuniya. Abin da ya rage a gwada da Hausa shi ne dabba a matsayin dabba, mai yunwa da tsoro da ƴaƴa, wadda za ta iya ƙarewa.

Akwai kuma gefen da ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye. Idan dabba ta ɓace, sunanta yakan bi ta. Yaran birni da yawa a yau kowace mai ƙaho barewa suke ce mata, ba su rarrabe gada da gwanki da mariri, kuma mai karatu ya ga yadda mu kanmu muka ari sunan adaks daga bakin Turawa. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun daidaita mana haruffa, amma daidaita sunayen namun daji, da na tarkuna, da na sassan jikin dabba, da kirarin kowacce, aiki ne da ba a yin sa a ofis. Sai an ɗauki rakoda an je Tanut da Gure da Tasker, an zauna da tsofaffin maharba Hausawa da Barebari da Tubawa da Buzaye, a rubuta abin da kowa yake kira da yadda yake furta shi, kafin a zana hoto ko ɗaya. Yaro yana ganin figini a hawan salla, yana jin ana kiran jimina a karin magana, amma tsuntsuwar da aka yi figinin da gashinta sai an kai shi Kelle zai gan ta, a bayan waya.