Jigawa Golden Stars: Tarihin Ƙungiyar da Ta Yi Wasan Gida a Gidan Wasu

A hutun da ya wuce na je gida Ringim. Ran wata Lahadi da dare yayana ya ja ni gidan kallon ƙwallo na unguwarmu, wai Real Madrid za ta kara da Barcelona. Rumfar kwano ce da bencina, janareta na ta ruri a baya, wuri ya cika har wasu na tsaye. Tun kafin a take wasa gardama ta kaure. Yara 'yan shekara 15 suna ta jero sunayen 'yan wasan Sifen ɗaya bayan ɗaya, har da masu zaman benci, da kuɗin da aka sayo kowannensu. Can sai dattijon da ke sayar da shayi a bakin ƙofa ya ɗaga murya ya ce, "Samari, duk wanda ya kawo mini sunan mutum uku da ke buga wa Jigawa Golden Stars, na ba shi shayi da burodi kyauta." Wuri ya yi tsit. Ni kaina da nake taƙama da karatun jami'a ban sha shayin nan ba.

Kunyar da na ji a daren nan ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na san wasu daga cikin malamaina za su ce me ya haɗa mujallar nazarin Hausa da tamaula. Amsata ita ce, in har muna nazarin dambe da kokawa da langa da sharo a matsayin wasannin Bahaushe, to wasan da ya fi kowane cinye yammacin samarinmu a yau ya cancanci a buɗe masa shafi, ko da kuwa baƙo ne.

Ba za a gane tarihin wannan ƙungiya ba sai an waiwaya Kano, domin kuwa Ringim gunduma ce ta ƙasar Kano tun zamanin En'e, kuma cikin Jihar Kano muka zauna daga 1967 har zuwa 1991. Ƙwallon ƙafa ya shigo Arewa ne ta makarantun boko da barikin soja da ma'aikatan jirgin ƙasa da kamfanonin Turawa. Garuruwan da ke kan hanyar dogo, irin namu da layin Kano zuwa Nguru ya ratsa tun wajen 1930, sun riga na lungu ganin baƙi da abubuwan da baƙi kan zo da su. A cikin shekarar 1945 aka fara gasar Kofin Gwamna, ƙungiyoyin Ikko suka yi ta cinye shi suna miƙa wa junansu, sai a 1953 'yan wasan Kano suka ɗauke shi, suka zama na farko da suka fitar da kofin daga Ikko. Sa'an nan da aka kafa gasar lig ta ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ce ta fara cinye ta.

Amma sunan da dattawanmu ba su gajiya da ambata shi ne Raccah Rovers ta Kano, wadda ta zama zakaran Nijeriya a 1978. A watan Afrilu na wannan shekara ne ƙungiyar Fluminense ta ƙasar Barazil ta kawo ziyara, ta yi wasa da Raccah a Kaduna, Pele da kansa ya sa rigar Fluminense ya shiga fili, baƙi suka ci 2 da 1. Kawuna ya ce a rediyo suka bi labarin, kuma kwana da kwanaki ba a yi wata hira a tashar Ringim ba sai wannan. Abin lura shi ne, mutumin Ringim ko Gumel ko Birnin Kudu a lokacin yana ɗaukar Raccah tasa ce, tun da shi ma Bakano ne a takarda.

Yawancin ƙungiyoyin wancan zamani na kamfanoni ne da ma'aikatu da attajirai. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a tsakiyar shekarun 1980, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, sai masu riƙe da su suka fara sakin hannu. Leventis United da Abiola Babes, waɗanda suka gagari kowa a Kudu, an rushe su bayan kakar 1987. Raccah ita ma ta dusashe. Ranchers Bees ta Kaduna ta ɗan ƙara jan zare, har ta kai wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Kofuna na Afirka a 1988. Giɓin da attajirai suka bari gwamnatocin jihohi ne suka cike shi, kuma daga nan ne aka sami irin ƙungiyoyin da muka tashi muka tarar. A 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru a Nijeriya, aka haɗa ƙungiyoyi uku na Kano, watau WRECA ta hukumar ruwa, da Kano Golden Stars, da Bank of the North, aka fitar da Kano Pillars, a ƙarƙashin jagorancin Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa daga 2002 zuwa 2006.

Shekara ɗaya tak bayan haka, ran 27 ga Agusta 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga Kano, aka sa hedkwata a Dutse. Sabuwar jiha kuwa kamar sabuwar amarya ce, dole a yi mata kayan ɗaki: sakatariya, gidan rediyo, majalisa, har da ƙungiyar ƙwallo mai ɗauke da sunanta. Jigawa Golden Stars tana cikin kayan ɗakin nan. Gwamnati ce uwarta, ita ce ubanta. A ganina nan ne tushen duk abin da ya biyo baya, mai daɗi da marar daɗi. An raba ƙasa da ma'aikata da motoci tsakanin Kano da Jigawa, amma ba wanda ya iya raba zukatan 'yan kallo. Wanda ya riga ya saba cewa "Sai Masu Gida" bai daina ba don an canza masa lambar mota.

Duk da haka ƙungiyar ba ta yi lalaci ba a farkon rayuwarta. Wajen ƙarshen shekarun 1990 tana cikin rukunin farko, tana karawa da manya irin su Enugu Rangers da Shooting Stars ta Ibadan, kafin ta gangara rukuni na biyu ta daɗe a can. Wanda bai san rukuni na biyu a Nijeriya ba, to ba wurin hutu ba ne. Tafiya ce ta mota daga wannan jiha zuwa waccan, filayen da rabinsu ƙasa ce, ba talabijin, ba jarida, kuma cin wasa a gidan wani abu ne mai wuyar gaske. Wannan shi ya sa tarihin waɗannan shekaru yake a bakin tsofaffin 'yan wasa da direbobi da masu busa usur, kuma kowace shekara sai ƙasa ta rufe idon wasunsu.

A 2011 ta sake hawowa, tare da Wikki Tourists ta Bauchi da Akwa United da Rising Stars ta Akure. Filin wasa na Haɗejiya ne gidanta a wannan karo, kuma lalle Haɗejawa sun san ƙwallo, sun kuma san yadda ake cika fili. Amma kaka ɗaya kawai ta yi. A 2012, shekarar da Kano Pillars ta ɗauki kofin lig karo na biyu, a shekarar ce Jigawa ta faɗi, ita da Niger Tornadoes da Rising Stars da Ocean Boys. Watau ana kiɗa a gidan wa, ana zaman makoki a gidan ƙane. Pillars ta ƙara ɗaukar kofin a 2013 da 2014, kuma yaran da suka tashi a Ringim a waɗannan shekaru, ni ma ina cikinsu, in sun waiwayi ƙwallon gida to Kano suke kallo.

Sai da aka shekara bakwai kafin a sake jin ɗuriyarta a sama. A 2019 ta dawo rukunin farko tare da Adamawa United da Warri Wolves da Akwa Starlets. A nan ne tarihin ya fi ba ni mamaki, kuma a nan zan ɗan daɗe. Hukumar gasar tana da sharuɗɗa game da filin da za a yi wasa a cikinsa, kamar ciyawa mai kyau da shinge da ɗakunan sauya kaya. Ƙungiyar jiha mai mutum fiye da miliyan 4 bisa ƙidayar 2006, mai masarautu 5 da ƙananan hukumomi 27, sai ta koma yin wasanninta na gida a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano, watau ɗakin Pillars. Yayana yana cikin 'yan tsirarun da kan shiga mota daga Ringim su je. Ya ce abin da ya fi damunsa shi ne, in aka ci ƙwallo ka yi ihu sai ka ji muryarka ta dawo maka daga kujerun da ba kowa. Kayan aro dai, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Ana cikin haka annobar korona ta sauka. Aka dakatar da gasa a watan Maris na 2020 bayan wasa 25, daga baya aka rufe kakar ba tare da an saukar da kowa ba. Jigawa, wadda ke can ƙasa-ƙasa a jerin, ta sami numfashi. Sai dai filin Sani Abacha an mai da shi wurin killace masu cutar, ya kuwa lalace. Da aka buɗe sabuwar kaka a ƙarshen Disamba 2020, mai gida da baƙonsa duka sai suka yi ƙaura zuwa filin Ahmadu Bello na Kaduna, tafiyar fiye da kilomita 300 daga Dutse. Ku duba fa, ya ku 'yan'uwana ɗalibai: ƙungiyar Jigawa, a Kaduna, a lokacin da dokar annoba ta hana tara 'yan kallo, kuma a takarda an rubuta wai wasan gida take yi! A watan Agusta na 2021 Akwa United, wadda suka hau tare a 2011, ta ɗauki kofin lig ɗinta na farko. Jigawa kuwa ta sauka tare da Adamawa United da Warri Wolves da Ifeanyi Ubah. Har aka shiga kakar 2025 ba ta koma ba.

Akwai wani abu ƙarami da mai nazarin harshe ba zai bari ya wuce shi ba, watau laƙabi. Pillars ana ce mata Masu Gida. El-Kanemi ta Maiduguri ta ɗauki sunan Shehun Barno. Ita kuwa tamu, a shekarun nan na 2019 zuwa 2021 'yan jarida "Badaru Boys" suke kiranta, watau Yaran Badaru, da sunan gwamnan lokacin, Alhaji Muhammad Badaru Abubakar, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023. Ba laifin kowa nake nema ba, domin ɗabi'a ce da ta game jihohi da yawa. Amma laƙabin da wa'adinsa shekara takwas ne, yaya uba zai gadar wa ɗansa shi? Kirari a al'adarmu da gari ake yinsa, ko da sana'a, ko da zuriya, abubuwan da ba su sauka daga mulki.

Tun da samarinmu Sifen suka sa a gaba, bari in ɗauko misali daga can, amma ba daga Madrid ba. Akwai wani gari a yankin Basque da ake kira Eibar, mutanensa kimanin 27,000 ne, watau bai kai wasu garuruwan Jigawa ba. Ƙungiyarsu, wadda aka kafa a 1940, ta shafe shekaru fiye da 70 a ƙananan rukunai. A 2014 ta ci rukuni na biyu, sai doka ta ce ba za ta tsira ba sai ta ƙara jarin kusan Yuro miliyan 1.7. Ba su tafi gidan gwamna ba. Hannun jari suka sayar wa jama'a ƙanana-ƙanana, mutum fiye da 10,000 daga ƙasashe fiye da 50 suka saya. A ɗan filinsu na Ipurua, mai cin mutum kamar 5,000 a lokacin, suka riƙa karɓar Real Madrid da Barcelona. Su ma sun taɓa tsallake rijiya da baya, domin a 2015 sun faɗi amma aka saukar da Elche a madadinsu saboda bashi. Kaka bakwai suka yi a sama, kuma a 2021, shekarar da Jigawa ta sauka, su ma suka sauka. Da suka faɗi, cikin garinsu suka faɗa, a gaban mutanen da suka sa kuɗinsu.

Na san za a ce aljihun Bature daban, na manomin riɗi daban. Gaskiya ne. Amma na tsaya na ƙirga mutanen da ke cikin rumfar nan ta unguwarmu a daren da na faɗa, sun haura 100, kowa ya biya kuɗinsa ba tare da an roƙe shi ba, kuma irin wannan rumfa ba ɗaya ba ce a Ringim, balle Dutse da Haɗejiya da Gumel da Kazaure. Bugu da ƙari, duk yammacin duniya filayen makarantun firamare a cike suke da ƙungiyoyin unguwa waɗanda ke yin karo-karo su sayi riga da ƙwallo, su ɗauki hayar mota zuwa Taura ko Garki wasan sada zumunci. Ba wanda ya ba su kasafin kuɗi. Tsakanin waɗannan yara da ƙungiyar da ke ɗauke da sunan jiharsu ne babu gada.

Kwana biyu kafin in dawo makaranta na koma wurin mai shayin nan da littafi da biro. Na ce, "Baba, na zo ne ka faɗa mini sunayen da kanka." Ya yi dariya ya ce ashe tarkonsa ya kama. Ya zuba mini shayi, ya ce in biya tun da na faɗi jarrabawa, sa'an nan ya gyara zama ya fara daga mai tsaron gidan da ya gani a Haɗejiya a 2012. Mun kai sallar isha'i bai gama da 'yan baya ba, ya ce in dawo hutu mai zuwa da rakoda, akwai wani tsohon direban ƙungiyar a Dutse da zai haɗa ni da shi.