Kasuwar Itace da Ƙarewar Nau'o'in Bishiyoyi a Arewa: Nazari a Kan Gundumomin Dogondutse da Tibiri

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dokokin gandun dajin Nijar da yadda suke aiki a Dallol Mawri. Ta nuna cewa tsarin da ake da shi yana ƙirga yawan itacen da aka sare, amma bai damu da irin bishiyar da ta faɗi ba.

Gabatarwa

Babu manyan kamfanonin yankan katako a ƙasar Arewa ta Nijar irin na dazuzzukan Kamaru da Gabon. Masu cin dajin a nan su ne kasuwar itacen girki da gawayi da azara, kuma babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Dogondutse zuwa Birnin Ƙonni ta sauƙaƙa jigilarsu. Tibiri, wadda ta zama gunduma a 2011, tana cikin kwarin Dallol Mawri, wanda aka saka a jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar a 2004, mai faɗin fiye da hekta 300,000.

Doka da abin da ta manta

Dokar 92-037 ta shekarar 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara: mutanen gari su sare gwargwadon kason da aka yanka masu a shekara, a raba harajin tsakaninsu da hukuma. Tsari ne mai kyau, domin ya karɓe dajin daga hannun 'yan kasuwar birni. Sai dai kason na ma'aunin itace ne. Sabara da geza suna tohowa daga kututture bayan damina ɗaya ko biyu. Ƙirya kuwa, wadda maƙera suke so saboda ƙarfin gawayinta, kuma masassaƙa suke nema domin turmi, sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta kai. A takardar ma'aikacin gandun daji duk itace ne.

Giginyar kudancin kwarin, wajen Gaya, ta fi bayyana matsalar. Magina sun fi son namijin giginya domin azararsa ta fi tauri, gara ba ta cin ta da wuri. 'Ya'yan macen kuma ana tsince su, a binne a rami, a tono muruci a kai kasuwa. Ana cin bishiyar ta sama da ta ƙasa ke nan, ba a bar abin da zai gaje ta ba.

Inda bishiya take da mai ita

Gawo ya tsira a gonakin Matankari da Gesheme saboda manomi ya san amfaninsa: yana zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa, dabbobi su ci 'ya'yansa da rani. Kurmin Lugu, garin Sarauniya, al'adar Azna ce ta tsare shi tun kafin zuwan Turawa a 1899. Dokar gandun daji ta 2004 da ƙudurin 2020 a kan sassaben zamani, wanda ya amince wa manomi da haƙƙin bishiyar da ya raina, sun bi wannan hanya ta ba bishiya mai ita, ko da yake sun makara.

Dajin fako da ke saman tuddai ne ya rage babu mai tsaya masa. Ya wajaba ƙananan hukumomin Dankasari da Kore Mairuwa da maƙwabtansu su riƙa yanka kaso bisa nau'in bishiya, su cire ƙirya daga cikinsa gaba ɗaya.