Neman Tuntuɓar Halittun Wasu Duniyoyi da Batun Tsaro

Neman tuntuɓar halittun wasu duniyoyi fanni ne na ilimin taurari da ke binciken ko akwai halittu masu hankali da fasaha a wajen wannan duniya tamu, da yadda za a yi magana da su idan akwai. Aikin ya kasu gida biyu: sauraro, wanda aka fi sani da SETI, da aika saƙo, wanda ake kira METI. Har yau ba a kama wata alama da masana suka tabbatar cewa daga irin waɗannan halittu ta fito ba. Sauraro bai cika jawo gardama ba. Aika saƙo ne ya raba kan masana, kuma babu dokar ƙasa da ƙasa da ta hana shi ko ta tsara shi.

Sauraro

A shekarar 1959 Giuseppe Cocconi da Philip Morrison suka ba da shawara a mujallar Nature cewa a kasa kunne a zangon rediyo na megahaz 1420, inda iskar haidurojin ke fitar da siginarta. Hujjarsu ita ce haidurojin ta fi kowane sinadari yawa a sararin samaniya, don haka duk wanda ya san falaki zai san wannan zango. A 1960 Frank Drake ya juya farantin rediyo mai faɗin mita 26 a Green Bank, jihar West Virginia ta Amurka, zuwa taurari biyu, Tau Ceti da Epsilon Eridani. Bai ji komai daga gare su ba, amma daga nan fannin ya kafu.

Sigina mafi shahara ita ce ta ranar 15 ga Agusta 1977, wadda na'urar Big Ear ta Jami'ar Jihar Ohio ta kama na tsawon daƙiƙa 72 daga wajen burujin Ƙausu. Bayan 'yan kwanaki Jerry Ehman yana duba takardun da kwamfuta ta buga, sai ya ga jerin 6EQUJ5, wanda ke nuna ƙarfin sigina ya hau ya sauka. Ya zagaye shi da jan biro, ya rubuta kalmar mamaki a gefe, abin da ya sa ake ce mata siginar Wow. An sha komawa wurin, ba a sake jin ta ba.

Kuɗin gwamnati bai daɗe a fannin ba. Hukumar NASA ta ƙaddamar da babban shirin sauraro a Oktoba 1992, majalisar dokokin Amurka ta yanke masa kuɗi a 1993 bisa ƙudurin Sanata Richard Bryan. Tun daga lokacin, masu hannu da shuni ne suka fi ɗaukar nauyin aikin. A 2015 attajiri Yuri Milner ya ware dala miliyan 100 na shekara goma ga shirin Breakthrough Listen, wanda ke amfani da farantan Green Bank, da Parkes a Ostireliya, da MeerKAT a Afirka ta Kudu.

Aika saƙo

Ranar 16 ga Nuwamba 1974 aka aika saƙo daga farantin Arecibo mai faɗin mita 305 a tsibirin Puerto Rico, zuwa tarin taurarin M13, wanda haske ke ɗaukar kimanin shekara 25,000 kafin ya kai. Saƙon ɗigo 1,679 ne, an gama watsa shi cikin kusan minti uku. An zaɓi wannan adadi ne saboda 23 sau 73 ne, kuma duka biyun ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Wanda ya jera ɗigon layi 73, kowane layi ɗigo 23, zai ga lambobi ɗaya zuwa goma, da sinadaran da suka gina ƙwayar halitta, da surar mutum, da rana da duniyoyinta, da hoton farantin kansa.

Kumbunan Pioneer 10 da 11, na 1972 da 1973, suna ɗauke da allon ƙarfe mai zanen mace da namiji da taswirar inda rana take. Voyager 1 da 2, na 1977, suna ɗauke da faifai mai ruwan zinare da ya ƙunshi hotuna, kiɗe-kiɗe da gaisuwa cikin harsuna 55. A 1999 da 2003 Alexander Zaitsev ya aika saƙonni daga Yevpatoria a yankin Kirimiya zuwa taurari na kusa. A 2017 ƙungiyar METI International ta aika nata daga Tromsø a Norway zuwa tauraron Luyten, mai nisan tafiyar haske ta shekara 12 da 'yan kai.

Gardamar masana

Bayan saƙon Arecibo, Martin Ryle, babban masanin taurari na Ingila, ya yi ƙorafi cewa bai kamata a tona inda ɗan Adam yake ga waɗanda ba a san halinsu ba. Stephen Hawking ya maimaita gargaɗin a 2010, yana tuna yadda zuwan Turawa nahiyar Amurka ya zame wa mutanen asalin wurin bala'i. A Fabrairu 2015 wasu masana da 'yan kasuwa, ciki har da David Brin da Elon Musk, suka sa hannu kan takardar neman a yi shawara ta duniya kafin a ƙara aika komai. Masu goyon bayan aikawa suna cewa an riga an makara, domin na'urorin radar na soja da tashoshin talabijin sun shafe gomman shekaru suna zubar da sigina zuwa sama, kuma nisan taurari kansa katanga ne.

A 1989 Cibiyar Nazarin Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa ta fitar da ƙa'idoji, ta sabunta su a 2010: wanda ya kama sigina ya nemi wasu su tabbatar, a sanar da duniya da Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, kada a mayar da amsa sai an yi shawara tsakanin ƙasashe. Alkawari ne tsakanin masana, ba ya ɗaure kowace gwamnati. Yarjejeniyar Sararin Samaniya ta 1967 ta buƙaci ƙasashe su guji gurɓata wasu duniyoyi da kuma kawo wa tamu abin cutarwa, amma ba ta ce komai kan aika saƙo ba.

Gwamnatoci da tsaro

Takardun da aka bayyana sun nuna cewa fargabar gwamnatoci ta fi karkata ga 'yan Adam abokan hamayya fiye da baƙi daga sama. Sojojin saman Amurka sun gudanar da shirin Blue Book daga 1952 zuwa 1969, suka tattara rahotanni 12,618 na abubuwan da aka gani a sama, 701 ba a gano ko mene ne ba, suka kuma ce babu barazana ga tsaron ƙasa. Kwamitin Robertson da hukumar leƙen asiri ta CIA ta kafa a 1953 ya ce haɗarin yana cikin yawan rahotannin, domin suna iya toshe hanyoyin sadarwar soja daidai lokacin da Tarayyar Sobiyet za ta kawo hari. Wani nazarin CIA na 1997 ya ce da yawa daga abin da jama'a suka gani a ƙarshen shekarun 1950 da cikin shekarun 1960 jiragen leƙen asiri ne irin su U-2, waɗanda hukuma ta ɓoye gaskiyarsu. Wannan rufa-rufa ta taimaka wajen dasa zargin da har yau bai gushe ba.

A 1971 Amurka da Tarayyar Sobiyet suka ƙulla yarjejeniyar rage haɗarin yaƙin nukiliya, wadda ta wajabta wa kowacce ta sanar da ɗayar nan take idan na'urorinta na gargaɗi suka hango abin da ba a gane ba, don kada a ɗauke shi makami mai linzami. A 2022 ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa ofishin AARO mai binciken abubuwan da ake gani a sama ba a gane su ba, wanda rahotonsa na Maris 2024 ya ce bai sami shaidar fasahar wata duniya ba. Birtaniya ta rufe nata ofishin a 2009. Faransa na ci gaba da nata, GEIPAN, wanda asalinsa ke komawa 1977, a ƙarƙashin hukumar sararin samaniyarta.

Wata damuwar ta shafi abin da zai biyo bayan nasarar kama sigina. A 2020 Kenneth Wisian da John Traphagan suka yi hasashen cewa ƙasar da ta ga za ta iya kankane hanyar magana da baƙin za ta jawo leƙen asiri, ko ma hari a kan cibiyoyin bincike. Jason Wright da abokan aikinsa sun mayar da martani a 2022 cewa siginar da ta fito daga tauraro ba ta ɓoyuwa, tunda kowace ƙasa mai faranti za ta iya kama ta, kuma sirri shi ne zai haifar da rikicin da ake gudu. Shawararsu ita ce a riƙa bayyana bayanai a fili tun daga farko.