Maƙwaƙƙwafi da Tarihin Dajin Ƙasar Danko

Duk wanda ya san dajin ƙasar Danko, ɗaya daga cikin sarautu biyar na masarautar Zuru, ya san ƙarar bakin maƙwaƙƙwafi a jikin itace. Abincin wannan tsuntsu ƙwari ne da tsutsotsin da ke ƙarƙashin ɓawo, sheƙarsa kuwa rami ne da yakan fafe a busasshen reshe. Watau rayuwarsa duka ta rataya ne a kan tsohon itace.

Tun kafin zuwan Turawa, in manomi ya share gona yakan bar kaɗanya da ɗorawa tsaye saboda man kaɗe da kalwa, har su tsufa a inda suke. A 1916, zamanin Gwamna Lugga, aka kafa dokar keɓe gandun daji, aka sabunta ta a 1937, En'e-En'e suka riƙa tsaron gandayensu. A 1963 kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar kiyaye namun daji. Amma hankalin waɗannan dokoki ya fi karkata ga katako da manyan dabbobi. Busasshen itace, gidan tsuntsu, makamashi kawai aka ɗauke shi.

Fari na 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka faɗaɗa, birane suka bukaci gawayi, gatari ya hau ƙirya har da kaɗanya.

Abin da kan biyo baya an gan shi a wata nahiya. Daga Meziko zuwa Ajantina akwai wasu tsuntsaye, iri fiye da 50, masu hawan kututture suna dogara da wutsiya kamar maƙwaƙƙwafi, ko da yake ba danginsa ba ne. Binciken da aka fara kusa da Manaus ta Brazil a 1979 ya nuna cewa in aka daddatsa daji, tsuntsaye masu cin ƙwari, musamman mabiya ayarin kwarkwasa, suna cikin na farkon ɓacewa.

Lalle masana ba su sa maƙwaƙƙwafin dajinmu cikin tsuntsaye masu shirin ƙarewa ba. Amma lissafinsu na duniya ne, ba na Danko ba. Ya kamata ma'aikatan gandun daji su tuna cewa dashen bana sai ya shekara da yawa kafin ya zama gidan tsuntsu. Barin tsohon itace tsaye ya fi dasa sabo sauƙi.