Ranar da aka ƙone Baban Kirsimeti a Dijon

Ranar 23 ga Disamba 1951, a harabar babbar majami'ar birnin Dijon na ƙasar Faransa, aka rataye mutum-mutumin Père Noël, wato Baban Kirsimeti, aka cinna masa wuta a gaban ɗaruruwan yara. Laifinsa, a ganin wasu limaman kirista, shi ne ya ƙwace bikin haihuwar Annabi Isa ya mai da shi na kayan wasa.

Abin ya samo asali ne daga cikin gidaje. Faransawa ba su daɗe da fita daga ƙuncin yaƙin duniya na biyu ba, don sai a 1949 aka daina sayen abinci da kati. Da wadata ta fara dawowa, al'adun Amurka kuma suka shigo, sai iyaye suka duƙufa ga faranta wa ƴaƴansu rai a hutun sanyi: a ƙawata itace a ɗaki, yara su jera takalmansu bakin murhu, da safe su tarar da kyauta.

A 1952 masanin al'adu Claude Lévi-Strauss ya yi nazarin lamarin, ya nuna cewa tsohon mai farin gemu iyaka ne tsakanin manya da suka san asiri da ƙanana da ake ɓoye musu shi. Bahaushen da ya taɓa jin tsoron dodo yana yaro ya san irin wannan iyaka.

Wutar Dijon ba ta hana kome ba. Har yau, ran 24 ga Disamba da dare, yaran Faransa na jera takalmansu.