Kunun hatsi: yadda za a ƙara masa daɗi da amfani

Uwargida, kunu shi ne abinci mafi araha a gidanki, amma sau da yawa gari ne da ruwa kawai. Irin wannan kunu yana cika ciki, ba ya riƙe shi. Yaron da ya sha shi da safe, kafin hantsi ya ji yunwa.

A kantunan Yamai da Maraɗi ana sayar da wani hatsin Turai cikin gwangwani, mai suna Quaker. Ba laifi gare shi, sai dai tsada. Hatsin rumbunki ya isa.

Ki fara da suya. Bayan kin surfa hatsi kin wanke ya bushe, ki soya shi a busasshiyar tukunya bisa wuta kaɗan har ya yi ƙamshi. Ki soya gujiya dabam, ki murje ɓawonta, ki zubar da duk wadda ta yi fumfuna ko ɗaci, domin tana da dafi mai cutar da hanta. Awo 3 na hatsi, awo 1 na gujiya, a niƙa tare. In babu gujiya, soyayyen wake ko garin ƙuli-ƙuli ya wadatar.

Ruwan tsamiya yana tashe ɗanɗano, citta da kanumfari suna ba da ƙamshi. Garin ƴaƴan kuka da nono kuwa, sai an sauke tukunya ake zuba su. Sukari kaɗan ya isa.

Ga abin da mata da yawa ba su sani ba. In kunu ya yi kauri, kan ƙara ruwa domin yaro ya iya haɗiya, alhali ruwa ba abinci ba ne. Maganin wannan shi ne tsiro. Ki jiƙa hatsi kwana 1, ki shimfiɗa shi cikin jiƙaƙƙen buhu kwana 2 zuwa 3 har ya tsira, ki shanya, ki daka. Ki dama kunu mai kauri, ki sauke, ki barbaɗa ƙaramin cokali 1 na garin tsiro, ki motsa. Ba da jimawa ba zai tsinke da kansa. Ki mayar da shi wuta ya sake tafasa.

Jariri ba ya shan kunu sai ya cika wata 6. Kafin nan nonon uwa kaɗai. Kada ki sa masa zuma sai ya shekara. Kunun da ya wuni a buɗe, a sake tafasa shi kafin a ba yaro.